Shekarar da Baffa Salifu Ya Toshe Tagogi

Ranar sunan 'yar Ramatu, ina bayan labule ina zuba wasa-wasa a kwanoni, na ji abin da ka faɗa, Babba. An kawo labari Baffanku Salifu yana kwance a Jugu, ƙafafu sun kumbura, sai ka ce wa ƙannenka kai ba za ka ƙona mai ka je gaida mutumin da ya gina wa Balki kabari ya kira shi gida ba. Ban tanka maka ba, don ranar farin ciki ce, ga baƙi cike da gida. Amma ludayin da ke hannuna sai da ya nutse cikin miya. Na san inda kuka tsinci maganar nan: a bakin gwaggonninku, kuna yara kuna wasa a gindinsu suna ɓarar gyaɗa. Rabinta gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa ni kaɗai na rage da zan iya faɗa, tunda babanku ya riga mu gidan gaskiya, shi kuma Baffa ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai buɗe baki ya wanke kansa ba. To ku ji.

A lokacin muna zaune a Guéma, nan Faraku, a ɗaki guda cikin gidan Innata. Ku uku ne kawai: kai Babba ka fara zuwa lakwal, wato makarantar boko, Ramatu tana goye, Balki tana tsakaninku, 'yar shekara huɗu mai bakin tsiya, wadda ba a gama tambayarta ta farko sai ta jefo ta biyu. Babanku yana tuƙa kamyo, babbar motar kaya, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa iyakar Nijar. Jiran lodi a Kwatano shi ke cinye masa rayuwa, Faraku kuwa wucewa kawai yake yi, ya tsaya ya ci tuwo inji bai ko huce ba. Wata rana ya yi sallama, Balki ta ruga ta ɓuya bayan zanena ta ce, "Inna, wani mutum ya shigo mana." Dariya muka yi, amma shi bai yi ba. Ba a jima ba ya zo ya ce ya sami gida a bakin teku, za mu koma can.

Ni da ko babbar kasuwar Faraku ba na zuwa sai ya zama dole, aka ɗauke ni sai Kwatano. Gidan ɗan mitsitsi ne, na wani tsoho mai kamun kifi da ya koma ƙauyensu: ɗaki biyu, baranda a gaba, da tsakar gida wadda in ka shimfiɗa tabarma biyu ta cika. Ba ka ganin teku daga ƙofa, amma kana jin sa kamar kamyon da aka manta ba a kashe ba. Abin da ya fara ba ni kunya tagogi ne. Kowane ɗaki taga biyu, ɗaya tana kallon ɗaya, manya-manya daga ƙugu har kusan rufi, da jerin gilasan nan da ake murɗawa su buɗe, waɗanda ake ce wa nako. Katanga kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba. Ina cire mayafi a ɗaka, sai ga wata mata daga gidan maƙwabta tana ɗaga mini hannu ta taga tana washe baki. Maman Kosi ke nan, mai gasa kifi, wadda daga baya ta zame mini 'yar'uwa. Amma ranar ji na yi kamar an ajiye ni a tasha ba zane. Na ce wa babanku ba zan iya zama a nan ba sai an gyara. Shi ma ya ce ai ba gida ba ne tukuna, don ba zaure. Kun san danginsa jikokin fataken goro ne, gidansu gidan saukar baƙi ne tun kakanni, duk ɗan Jugun da ya sauka Kwatano dole ya sami inda zai ajiye jaka ya miƙe ƙafa. Ga shi ba madafa, ruwa in ya sauko sai dai a kwana da yunwa.

Batun wanda zai yi gyaran kuwa ko tattauna shi ba a yi ba. Ubansu ya rasu babanku yana rarrafe, Baffa Salifu ne ya ciyar da shi da cokalin gini, shi ya biya masa koyon tuƙi, shi ya je neman aurena. Kuma magini ne na faɗa a ji. Daga Jugu har Partago da Kolokondé, in ka shiga ɗaki da tsakar rana a bazara ka ji sanyi kamar cikin randa, ba sai ka tambaya ba, hannunsa ne. Asirinsa bango mai kauri, da taga 'yar ƙarama can sama inda rana ba ta samun hanya, ido ma ba ya samu. Da babanku ya kira shi, ajiye aikin da yake yi ya yi, ya hau bas da jakar kayan aikinsa. Ko sisi bai karɓa ba.

Ranar da ya iso muka raka shi ya ga teku, don bai taɓa gani ba. Ruwan bai dame shi ba. Ya tsaya yana duban dama da hagu, ya durƙusa ya damƙi yashi yana murzawa.

"Duk wannan ba mai shi?" ya tambayi babanku.

"Ba mai shi, Yaya."

"Ikon Allah. Mu a gida sai mun jira rafi ya ƙafe mu haƙa da guminmu, su nan an zube musu suna taka shi da ƙafa."

Washegari ya ari baro ya fara jido. A lokacin mutane suna ɗiba, ba a hana ba tukuna. Ya tayar da katanga har ta wuce kan namiji. Ya rufe baranda ta zama zaure. Ya ja kwano ya rufe tsakar gida don in riƙa girki ruwa bai taɓa ni ba. Sannan ya ciro gilasan nako ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kwali da kulawa, ya toshe tagogin da bulo, ya bar 'yar kafa can sama da kyar kyanwa za ta wuce. Ya bi duk bangon da sabon yaɓe, ciki da waje, sumul kamar ƙwai. Maman Kosi ta leƙo ta saman katanga tun ba ta gama tashi ba, ta yi ta magana da Faransanci tana nuna tagogin.

"Tonton, il faut laisser passer le vent!"

Baffa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Me take cewa, amarya?" Har na haifi uku bai daina kirana amarya ba.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta ce wai a bar wa iska hanya, Yaya. Wai kuma yashin nan ba a gini da shi sai ruwan sama ya daɗe yana wanke shi."

"Ce mata matan gidanmu ba kifi ba ne da za a shanya su kowa ya kalla. Yashi kuma na fara taɓa shi tun ba a haife ta ba."

Na ƙi fassara mata ta farkon. Muka yi dariya, ita ma ta yi, ta tafi tana kaɗa kai. Balki ce 'yar aikinsa, da gwangwanin tumatir take ɗebo masa ruwa, yana karɓa da hannu biyu yana ce mata sannu da aiki shugaba. Wata rana ta dangwali yashin ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Baffa, yashinka da gishiri!"

"To ai shi ya sa ginin zai yi daɗi," in ji shi.

Ranar da ya gama, wallahi na yi murna. Na tuɓe ɗankwali na zauna a tsakar gidana ba mai ganina. Na daka masa sakwara da miyar wagashi, cukun Fulani, ya ci ya sa mana albarka, ya koma Jugu. Ba wanda ya ga aibu a aikin nan. Ko liman aka kawo daga arewa da ya ce gida ya yi.

Da farko zafi kawai muka ji, irin mai manne wa jiki, muka ce baƙunta ce. Sai damina ta sauka. Ruwan can ba irin namu ba ne da zai zuba ya wuce rana ta fito ta busar da komai. Can sai ya wuni ya kwana, in ya tsaya ma iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Wanki ya ƙi bushewa. Gishirin miya ya zama ruwa a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Bangon nan sumul ya fara gumi, ka shafa hannu ka ji shi kamar goshin mai zazzaɓi, sai wani farin gari ya fito masa, sai baƙin tabo ya taso daga ƙasa yana hawa. Takalman sallar babanku da ke ƙarƙashin gado na ciro su sun yi gashi kore. Katifa ta yi nauyi. Hayaƙin gawayina kuwa, tunda an rufe sama, sai ya zagaya ya shige ɗaki ya zauna tare da mu. Ina gogewa da omo da ruwan javel, wato bilic, kafin a jima ya dawo. Kullum ina goge bango kamar mai yi wa gawa wanka.

Dukkanmu mun yi tari, amma na Balki daban ne. Ƙirjinta ya fara kuka, wani siririn sauti kamar ɗan kyanwa a cikin kwali. Yarinyar da ba ta rufe baki sai ga ta tana yanka magana gida-gida don ta ja numfashi. In abin ya taso mata sai ta dafa gwiwa, ramin wuyanta yana shiga yana fita, idanunta a kaina, tana jira in yi wani abu. Na yi hayaƙi, na yi rubutu, na shafa man zafi. Na lura in na fitar da ita ƙofar Maman Kosi ta zauna cikin iska sai ta ɗan sake, in mun koma ciki abin ya dawo. Maman Kosi ce ta ɗora mu kan zem, wato acaba, ta kai mu asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta saurari ƙirjin, ta rubuta magani da ɗan famfon nan da ake shaƙa, sannan ta kama rigar Balki ta kai hancinta ta sunsuna.

"Madame, a ina yarinyar nan take kwana?"

Na gaya mata yadda ɗakin yake.

"C'est la maison," in ji ta, wato gidan ne. "Maganin zai taimaka, amma in ta koma ɗakin nan kamar kina zuba ruwa a kwando ne. Ko a buɗe gidan, ko ki fitar da ita."

Da babanku ya dawo daga tafiya, na bari ya ci abinci, sannan na zauna gefensa.

"Maigida, likita ta ce gidan ne."

"Na ji wari tun daga zaure," ya ce.

"To a fasa tagogin."

"Wa zai fasa?"

"Kwatano ta rasa magina ne?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "In sa baƙo ya ɗora guduma a kan aikin Yaya yana raye?"

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. A wurin maginan Jugu, ba a sa wa aikin mutum guduma yana da rai, sai shi da hannunsa ko da bakinsa. In wani ya rushe maka gini, an yi shela ke nan cewa hannunka ya lalace, ko kejin kaji ba mai sake ba ka. Balle a ce ƙanen da ka raina ne ya sa aka yi. Na ce to ya kira shi ya nemi izini. Ya ɗauki waya, ina zaune ina ji. Ya gaishe shi, ya tambayi jikin Iya kakarku, ya tambayi damina, ya tambayi doya. Can na jiyo muryar Baffa yana cewa, "Yaya gidan? Ba ya zuba ko?" Babanku ya kalli Balki da ke kwance tana jan numfashi da kyar.

"Ba ya zuba, Yaya."

Kuma gaskiya ya faɗa, ko ɗigo ba ya zuba. Ya ajiye wayar ya rufe fuska da hannu. Mutumin da ke hawa tudu da kamyo cike da lodi bai ji tsoro ba, bakinsa ya kasa ɗaukar kalma ɗaya zuwa kunnen yayansa. Ya ce in ba shi lokaci, in ya je arewa zai san yadda zai ɓullo wa maganar a hankali. Ban yi masa gardama ba. Da ya fita tasha da safe, na ɗaure kayanku, na je gindin bango inda yaɓe ya kumbura na ɓanɓaro guntu da yatsa, ko ƙarfi ban sa ba, na ƙulle a bakin zane. Na bar wa Maman Kosi saƙo ta faɗa masa, muka hau bas. Ban taɓa yin tafiya ba da izninsa ba sai ranar.

Na ajiye ku a Guéma wurin Inna, washegari na wuce Jugu ni kaɗai. Na isa bayan azahar, lokacin da maza suke cika zauren gidan, tsofaffi da baƙi, ana raba goro. Matar gida in za ta wuce nan sai ta cire takalmi ta sunkuya ta bi gefe kamar inuwa. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Baffa ba, yayan miji ai uba ne. Na cire takalmi, amma ban wuce ba. Na durƙusa a tsakiyar zauren. Hira ta mutu.

"Amarya? Lafiya? Ina maigidan naki?"

"Yana Kwatano, Yaya. Wurinka na zo."

"To shiga ciki ki sha ruwa, ina zuwa."

Na san in na shiga ciki mata za su kewaye ni, Iya za ta karɓi maganar ta tauna ta ba shi abin da ya rage. Na kwance bakin zane na ajiye guntun yaɓen a gabansa, baƙi ta gefe guda, fari ta ɗayan.

"Ginin da ka yi mana yana kashe Balki."

Wani tsoho ya ce subhanallahi. Daga cikin gida na ji muryar Iya tana cewa, "Wace marar kunya ce ke ɗaga murya a zauren maza?" Baffa ya miƙa hannu. Ya ɗauki guntun, ya murza, ya ruguje masa a hannu kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Sai ya kai yatsa bakinsa ya lasa. Na ga lokacin da ya tuna. Fuskar nan tasa ta zube gaba ɗaya.

"Ta faɗa mini," ya ce a hankali. "Yarinyar ta faɗa mini."

Wani daga cikin mazan ya fara cewa ai ciwo na Allah ne, kuma bakin teku ba a rasa iskokai, mace ba ta zo ta tozarta mutum gaban jama'a ba. Baffa ya ɗaga masa hannu.

"Wane bangon, amarya?"

"Duka, Yaya."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya fito da jakar aikinsa, guduma ta leƙo daga ciki. Ko rigar da ke jikinsa bai sauya ba. Iya ta biyo mu har ƙofa tana cewa na zubar wa ɗanta da mutunci a garin ubansa. Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba, gwaggonninku kuma suka sa mini suna Mai Bakin Kwatano. Wannan na ɗauka, ban taɓa kai ƙara ba.

Mota ɗaya muka shiga zuwa Faraku, yana gaba ina baya. Ya tsaya Guéma ya ga Balki. Tana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaron Inna, ta rame, amma da ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin tashi. Ya durƙusa ya sa kunne kusa da ƙirjinta, ya daɗe a haka.

"Baffa," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi, "ka gama... ginin?"

"Saura taga, shugaba."

"Zan ɗebo maka... ruwa."

"Ki warke tukuna. Gwangwaninki yana nan."

Inna ta kawo masa abinci, bai taɓa ba. Ya wuce tasha.

A iskar Faraku Balki ta fara samun sauƙi, har ta ci wagashi ta nemi ƙari, har ta yi faɗa da kai, Babba, a kan wani murfin kwalba. Na sa rai. Sai zazzaɓi ya shigo ya sami ƙirjin da ya riga ya gaji. Muka kai ta asibiti, suka sa mata robar iska a hanci, suka yi iyakar yinsu. Wata rana bayan la'asar ina riƙe da ƙafarta, kukan kyanwar nan da na yi watanni ina roƙon Allah ya tsaya, ya tsaya. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Abin da kuka ji shi ne Baffa bai zo jana'iza ba, bai zo zaman makoki ba, ko gaisuwa bai aiko ba. Haka ne. Ga inda yake. Babanku da Maman Kosi kowa ya ba ni labarin daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya. A Kwatano, Baffa yana kan benci yana fasa bulon tagar ɗakin yara, babanku yana kwashe ɓaraguzai, waya ta yi ƙara. Babanku ya saurara, ya zauna a ƙasa. Baffa ya dube shi, bai tambaya ba. Ya sauko, ya yi alwala, ya yi salla, ya daɗe goshinsa a ƙasa. Sannan ya sake hawa bencin.

"Yaya, sauko mu tafi," in ji babanku. "Mu kama motar yamma."

"Tafi kai. Akwai sauran yara biyu da za su kwana a ɗakin nan."

Shi kaɗai ya rage a gidan. Ya fasa duk tagogin da ya toshe. Ya bi bango da guduma da ƙarfe ya kankare yaɓen nan kaf, ciki da waje, har hannayensa suka fashe, Maman Kosi tana ɗaure masa da tsumma tana zaginsa don ya ƙi cin abinci. Ya cire kwanon tsakar gida. Ya sare katanga. Sannan ya yi abin da har yau ban manta ba: ya roƙe ta ta nemo masa maginin garin. Ta kawo wani ƙanen mijinta, wanda a haife Baffa ya haife shi. Baffa Salifu, wanda ya gina masallatai, ya ɗauki kwanon kwaɓa a ka yana miƙa wa yaron nan siminti, yana tambayarsa, wannan fa, don me? Da yashin rafi suka sake yaɓe. Suka mayar da gilasan nako, waɗanda ya adana a kwali ko ɗaya bai fashe ba. Saman katanga da gaban zaure suka jera bulo mai huji-huji, iska ta wuce, ido bai wuce ba. Madafa suka yi mata rumfa a gefe, buɗe ta ɓangare biyu. Ya ɗaga gadaje a kan ƙafa masu tsawo, ya cire ƙyauren kabad ya bar kanta a buɗe, ya ja komai nesa da bango.

Da na gama abin da zan iya na kuka, babanku ya zo ya ɗauke mu. Ban so komawa ba, na ce ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba, Inna ce ta lallashe ni. Muka tarar Baffa ya riga ya tafi, ya bar makulli wurin Maman Kosi. Na shiga ɗakin yara, labule yana tashi yana sauka shi kaɗai, bango a bushe. A kan dakalin taga ga gwangwanin tumatir, an wanke shi an kife. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ya fi na ranar jana'iza.

A gidan nan kuka girma. A nan na haifi sauran ƙannenku, ba wanda ƙirjinsa ya taɓa yin kuka. Tagar da kake hawa, Babba, kana leƙen masu jan taru ina dukanka kana komawa, wadda Ramatu take zama a gindinta ana yi mata kitso, shi ya toshe ta, shi ya buɗe ta. An gaya muku na farkon. Ni kuma shekaru da yawa sunan Balki ba ya iya fita bakina, babanku ma haka, shi ya sa kuka tashi da rabin labari.

Bai ƙara taka Kwatano ba. Babanku ya roƙe shi ya gaji. Da ya koma Jugu, a zauren nan da na durƙusa, da bakinsa ya gaya wa mutane abin da ya faru, bai rage komai ba, bai ce iskokai ba ne. Mutane suka ce za su ci gaba da ba shi aiki, ai a ƙasarmu gininsa ba shi da aibu. Ya ce a'a. Ya ba wa yaransa kayan aikin, ya koma noman doya a Kolokondé, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Kowace kaka buhun doyar da kamyon babanku yake saukewa a ƙofarmu, wanda kuke rububin gasawa, daga gonarsa yake, ya hana a faɗa. In mun je Jugu da salla yakan bar gidan kafin mu iso. Kuka ɗauka ba ya son ganinku ne. Ni na taɓa hango shi a bayan rumbu yana kallonku kuna wasa, yana motsa baki, yana ƙirga ku.

Ban ce muku bai yi kuskure ba. Ya yi, kuma ni na binne kuskuren, ba ku ba. In akwai mai ikon riƙe shi a zuci, ni ce. Na riƙe na wani lokaci, har na ga ba abin da zan ɗora masa wanda bai riga ya ɗora wa kansa ba.

Guduma ɗaya ya hana a bayar. Da ita ya fasa bangon ɗakinsa na Jugu, ya buɗe taga daga ƙugu har kusan rufi, tana kallon titi. Ba gilashi, ba ƙyaure, ba labule. Mutanen unguwa sun yi dariya sun gaji, matarsa ta yi faɗa ta gaji. Ruwa yana feso masa, sanyi yana shiga, yara suna leƙe, bai taɓa yarda an rufe ba. Yanzu da ƙafafu suka ƙi, an ce an ja masa gado gindinta, nan yake wuni.

Daga Guéma zuwa Jugu ba nisa ba ne, Babba, kuma man da kake jin ƙyashi ni zan zuba. Ka ɗauki ƙannenka, ka ɗauki jaririyar Ramatu. Ba za ku ɓata ba, duk unguwar gida ɗaya ne mai irin wannan tagar. In ƙafarka ta kasa shiga zaure, ban tilasta maka ba. Ka tsaya a titi ka yi sallama, zai gan ka daga inda yake kwance. Ku jeru yadda zai iya ƙirga ku.